Maigida ya hana sa nama, dankali na ruɓewa, ga Hajiya na tafe

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yanmu uku, babbar shekararta tara, autan bai kai uku ba. Kwanakin baya maigidana ya je asibiti aka ce yana da hawan jini, kuma kitse ya yi yawa a jininsa. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya ce ya rage jan nama da maiƙo da gishiri. Shi kuma da tsoro ya kama shi sai ya ce kada ya ƙara ganin nama a tukunyar gidan nan. Ƙaninsa yana harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12, duk wata yakan aiko mana da rabin buhun dankalin Hausa, sai maigidan ya ce shi za mu riƙa ci tunda ba shi da maiƙo. Ni kuwa dafawa da soyawa kawai na iya. Yara sun gaji, shi kansa loma uku yake yi ya ture kwano, kuma na sha jin ƙanshin tsire a jikinsa idan ya dawo da dare. Rabin dankalin ma ruɓewa yake yi. Babbar damuwata ita ce Hajiyarsa za ta zo daga Katsina wata mai kamawa, za ta yi mana wata guda. Bai gaya mata ciwon ba, kuma ya ce kada in kuskura in faɗa. Ina tsoron ta ga tukunya ba nama ta ce ina soke kuɗin cefane, ko ina horar da ɗanta da yunwa. Anti ki taimake ni.

Ƙanwarki, daga Agege

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Ki sake duba abin da kika rubuto da hannunki. Likita cewa ya yi a rage, maigida ne ya mayar da maganar ta koma a daina. Haka mazanmu suke idan suka fito daga ɗakin likita da takarda a hannu. Ranar farko su kafa dokar da su kansu ba za su iya bi ba, kafin wata ya zagayo sun fara karya ta a ɓoye. Tsiren da kike jin ƙanshinsa ba rainin girkinki ba ne, yunwa ce ke kai shi. Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin tsinke uku na tsire da kitsensa da yajinsa mai cike da gishiri da magi sun fi yankan kaza guda da za ki dafa masa a gida illa, nesa ba kusa ba. Duk da haka ba zan ce ki tsaya jayayya da dokarsa ba. Gidan da ake kwana huɗu ko biyar a sati ba a ɗora nama ba bai yi asarar komai ba, muddin an san abin da aka sa a gurbinsa. Duk wadda ta leƙa mahautar Oko-Oba kwanan nan ta tambayi kuɗin kilo ta san aljihu ma zai sarara.

Inda lissafin maigida ya kuskure shi ne da ya ɗauka dankali zai tsaya a gurbin nama. Ba zai tsaya ba. Dankali a sahun shinkafa da doya da tuwo yake. Yana ba da ƙarfi, yana da harza mai gyara ciki, maiƙonsa kusan babu, a nan maigida ya yi gaskiya. Amma a giram 100 na ɗanyen dankali, furotin ɗin da ke ciki, wato sinadarin gina jiki, bai kai giram 2 ba. Busasshen wake mai nauyin haka yana da fiye da giram 20, gyaɗa wajen 25, waken suya ya kai 35, ƙwai ɗaya kuma yana da kamar giram 6. Shi ya sa mutum zai cika cikinsa da dafaffen dankali da mai da yaji bayan magariba, kafin ƙarfe goma ya ji kamar bai sa komai a bakinsa ba. Saboda haka daga yau, duk ranar da dankali ya hau wuta ya hau da abokin tafiya, ko wake, ko gyaɗa, ko ƙuli, ko awara, ko ƙwai, ko a bi shi da kofin nono.

Abu na biyu da ke sa su ture kwano zaƙi ne. Harshen Bahaushe bai saba da zaƙi a abincin dare ba, shi ya sa dankali ke saurin gundurar mutum fiye da doya. Abin da ke karya zaƙin nan tsami ne da yaji da ɗan ɗacin ganye. Abin da kuma ke maye ɗanɗanon naman da aka cire shi ne daddawa da albasa. Kafin magi ya shigo ƙasar nan daddawa ce ke riƙe da miyar kakanninmu, kuma miyar ƙauye ba ta ganin tsoka sai ranar kasuwa ko ranar suna, amma ba wanda ya tashi da tuwo a kwano. Idan ba ki samu tamu ta kalwa ba, ta Yarbawa da suke kira iru ita ma kalwa ce, kuma babu kasuwar da ba a sayar da ita a Legas. Sai dai da yawa suna barbaɗa mata gishiri don kada ta lalace, ki ɗauraye ta kafin ki zuba.

Albasa kuwa haƙuri take so. Manya biyu, ki yanka siriri, ki zuba a mai cokali biyu kacal, ki rage wuta, ki yi ta juyawa har ta saki ruwanta ta yi laushi, ta yi ja, ta fara duhu ba tare da ta ƙone ba. Yawancinmu da ta fara ƙanshi muke antaya kayan miya, alhali a lokacin ba ta fara aikinta ba. Ki lura da matan da ke sayar da ewa agoyin, wato dafaffen wake da miyarsa, a bakin titi. Babu nama a miyar nan, albasa ce da busasshen barkono da aka bari a wuta har suka yi duhu, amma ga mutane nan sun yi layi da biredinsu. Dabarar za ki ɗauka, ki bar musu tulin man.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a biredi da ƙuli da magi. Shi dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, don haka wadda ta rage gishiri ta ƙara magi ba ta yi komai ba. Kada ki janye lokaci guda, za su yi miki bore. Inda kike sa huɗu ki koma uku, bayan sati ki koma biyu, daddawa da citta da tafarnuwa na ƙaruwa. Harshe yana sabawa.

Bari in tsaya a kan girki guda in yi miki shi dalla-dalla, domin idan kika kama wannan sauran za su zo da kansu. Faten dankali da wake.

Tun da dare ki tsince wake gwangwani biyu ki jiƙa. Farin wake za ki nema, ko jan nan da ake ce wa drum. Ki bar oloyin, domin shi ma zaƙi gare shi, idan ya haɗu da dankali abin zai yi yawa. Jiƙon yana rage miki cin gas, yana kuma rage kumburin ciki idan kika zubar da ruwan kika ɗora da sabo. Kada ki jefa kanwa don ya yi saurin nuna. Sinadarin sodiyam ɗin da likita ke gudu a gishiri, akwai shi a kanwa. Wannan ma ya sa ɗanwake ya zama abincin jefi-jefi ga maigida, ba na kullum ba.

Wake na kan wuta da rabin albasa, ke kuma ki fere dankali matsakaita biyar ko shida, ki yanka shi girman loma, ki zuba a ruwa don kada ya yi baƙi. Ki jajjaga tattasai uku, attaruhu biyu, tumatir biyu, ɗanyar citta da tafarnuwa. Jajjage nake nufi a turmi, ba markaɗen inji ba, domin idan babu nama a abinci ido da haƙori suna son su ci karo da wani abu. Ki ɗebo ƙwayar wake ki latsa tsakanin yatsu. Idan ta fashe amma ba ta narke ba, lokacin zuba dankali ya yi. A nan mata da yawa ke ɓata faten. Dankali minti 15 zuwa 20 kawai yake buƙata, idan kika haɗa su tun farko zai narke ya zama kunu, wake kuwa yana nan da ransa. Ruwan kada ya shanye kan dankalin, ya dai kusa.

A wata 'yar tukunya ki yi soyen albasar nan da na faɗa, ki zuba jajjage da dakakkiyar daddawa, ki bari ruwan ya tsotse, sannan ki juye a kan wake da dankali. Manja ko man gyaɗa, duk wanda kika zaɓa cokali biyun nan ne, ko uku idan tukunyar babba ce. Da dankali ya nuna, ki sa bayan ludayi ki murƙushe kaɗan a jikin tukunya. Shi zai ba romon kauri, sauran ya tsaya da siffarsa. Ki barbaɗa garin ƙuli cokali uku, ki juya. Sai ganye, kuma da yawa, ba ɗan abin ado ba: alayyafo, ko ugu, ko zogale, ko ki haɗa biyu. Ki kashe wuta ki rufe, zafin tukunya ya ishe shi. Na ƙarshe shi ne tsami, kuma shi ake mantawa. Ruwan tsamiya cokali biyu, ko rabin lemun tsami, ko 'yar yakuwa ki haɗa da ganyen. Ki ɗanɗana kafin tsamin, ki ɗanɗana bayansa, za ki ji zaƙin ya ja baya, kuma ba za ki nemi ƙarin gishiri ba. A kai teburi da yankakkiyar ɗanyar albasa a sama.

Duk wadda ta iya miyar taushe ta riga ta iya girki na biyu. Ki sa dankali inda kike sa kabewa, ko ki raba su biyu, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da alayyafo da yakuwa kamar yadda kika saba. Sai dai ki tuna miyar ta riga ta ɗauki nauyi, malmalar tuwon ta zama ƙarama. Gyaɗar ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta canza launi ki watsar, gyaɗa mai funfuna tana cutar da hanta. Da safe kuma dafaffen dankali da miyar ƙwai mai tumatir da albasa, ko da alale, ko ki yanka shi ƙanana ki cakuɗa a kwaɗon zogale ko na rama. Yawan ƙwan da ya dace da maigida a sati, wannan likitansa za ku tambaya.

Yanzu ga maganin mai tsire. Abin da namiji ke kewa idan aka cire nama ba ƙoshi kaɗai ba ne, yana kewar abin da zai tauna, da ƙanshin gashi, da yajin ƙuli a yatsa. Awara tana iya wannan aikin. A Agege ba za ki rasa mai yin ta a gida ba, ki ce ta ajiye miki farar, wadda ba a soya ba. Ki naɗe ta a tsumma mai tsabta, ki ɗora mata abu mai nauyi ta tsane sosai, ki yanka fala-fala, ki shafa mata ɗan mai da yatsa, ki gasa a busasshen kasko ko a kan wayar gashi har ta yi ja gefe da gefe. Dankalin ma ki yanka shi a tsaye da ɓawonsa bayan kin wanke shi tas, ki gasa a gefenta. Yajin ki daka naki: garin ƙuli, busasshiyar citta, barkono, masoro, kanumfari ƙwaya biyu ko uku, babu magi, gishiri ɗan taɓawa. Ki barbaɗa tun suna da zafi, ki jera albasa da tumatir da kabeji a gefe kamar yadda mai tsire ke yi. Ki ajiye masa wannan da misalin lokacin da ya saba fita. Ba na ce zai rantse nama ne ba, amma wanda cikinsa ya cika bakinsa ya ji yaji, ƙafarsa ba ta cika ɗaukarsa zuwa bakin titi ba. Kada ki ce masa kin san inda yake zuwa. Ranar da kika ga ya dace ki ce, tunda likita ragewa ya ce, me zai hana ki riƙa dafa masa kifi ko kaza marar fata sau ɗaya ko biyu a sati, a gida inda kika san abin da ya shiga tukunya.

Soyayyen dankali ki bar wa yara, su ma sau ɗaya a sati ya isa, kuma ba da man da aka yi ta maimaita suya da shi ba.

Akwai abu biyu da nake so ku tambayi likita a zuwa na gaba, kuma ki bi shi idan ya yarda. Na farko sukari. Hawan jini da ciwon sukari suna yawan tafiya tare, idan ba a auna shi ba a auna. Dafaffen dankali ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar gasasshe, saboda haka idan aka ga sukarinsa na hawa, dafaffen zai fi yawa a kwanonsa, kuma da awo. Na biyu ƙoda. Dankali da wake da ganye duk suna da sinadarin fotasiyam da yawa. Ga mai lafiyar ƙoda wannan alheri ne, yana ma taimakawa wajen saukar da jini. Amma ga wanda ƙodarsa ta raunana, ko mai shan wasu magungunan hawan jini da ke tara sinadarin a jiki, yawansa haɗari ne. Ku faɗa wa likita abin da ake ci a gidan ƙarara, shi zai ce a ci gaba ko a rage. Kuma duk gyaran abincin nan ba ya ɗauke shan magani, ko da ya ji garau.

Ki roƙi ƙanin mijinki ya riƙa duba miki wani irin dankali idan motoci sun sauke kaya, mai launin ruwan lemo a ciki. Ta waje ba lalle a gane shi ba, sai an ɗan kankare da farce. Launin nan alamar sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jikin yara, wanda farin dankalin da muka saba da shi kusan ba shi da shi. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a jihar Abiya ta fara fitar da irinsa ga manoman Najeriya a 2012, kuma a 2016 masanan da suka yaɗa shi a Afirka suna cikin waɗanda aka ba babbar lambar yabo ta abinci ta duniya. Bai cika kasuwa kamar farin ba, amma wanda ke kwana yana tashi a Mile 12 ya fi kowa sanin ranar da ya shigo. Ya fi farin laushi da ruwa, don haka a fate ki jinkirta zuba shi kaɗan. Kuma jiki ba ya ɗaukar bitamin ɗin sosai sai da ɗan maiƙo, wannan ma dalili ne da ya sa ban ce ki yi girki babu mai sam ba. Autanki zai so shi a murƙushe da ɗan tunkuzar gyaɗa ko nono.

Ruɓewa kuwa, rabin buhu ya yi wa gida ɗaya yawa a garin nan. Dankalin ya riga ya sha hanya a bayan mota, an jefa shi an taka shi, ga zafi da laimar Legas. Ranar da ya iso ki juye shi daga buhu, kada ya kwana. Ki ware masu rauni da waɗanda suka karye, su za a fara ci. Sauran ki shimfiɗa su a kan kwali ko a kwando mai huji, a inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da rana. Kada ki wanke sai za ki dafa, kada ki ƙulle a leda, kuma ɗanye ba ya shiga firji, sanyi yana taurara cikinsa ya ɓata ɗanɗanonsa. Wanda kika ga ƙananan huji a jikinsa ƙwaro ya shige shi, shi ne mai ɗacin nan da ke lalata tukunya guda. Shi da mai baƙin tabo mai wari, ki jefar, kada tsimi ya sa ki tsaya yankewa. Mafi sauƙi ki ce wa ƙanin ya raba aiken biyu, kaɗan-kaɗan duk sati biyu. Idan kuma ya fi masa sauƙi ya aiko gaba ɗaya, ki ɗebi rabon maƙwabta tun ranar farko yana da kyansa. Idan hunturu ya leƙo a Disamba ko Janairu kina iya fere wani ki yanka siriri ki shanya, ki ajiye don kunun zaƙi. Da damina kada ki gwada, funfuna zai yi.

Yara fa ba su aka kai asibiti ba. Dokar babansu ba tasu ba ce, musamman autan da yake tsakiyar girma. Akwai bitamin B12 da jini da jijiyoyi ke buƙata, wanda ba a samu a dankali ko wake ko gyaɗa, sai a nama, kifi, ƙwai da madara. Ba sai kin ɗora tukunya biyu ba, gas ɗin ma ba zai yarda ba. Tukunya ɗaya, ki ɗebi na maigida, sannan ki marmasa busasshen kifi ko ki yanka dafaffen ƙwai a na yara, ranar da hali ya yi a sa musu tsokarsu. Ke ma kina cikin wannan lissafi, mata mun fi maza saurin ƙarancin jini. Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma jiki ya fi ɗaukarsa idan an haɗa da tumatir ko lemo, shayi kuma yana tare shi. A raba shayi da lokacin cin fate, a sha lemo a maimakonsa.

Saura Hajiya, kuma na san ita ce ta sa kika rubuto.

Kada ki gaya mata a bayan idonsa. Amana ya ba ki, idan kika karya ta zai daɗe bai sake gaya miki wani abu ba. Amma dole ya san cewa shirun nan nasa a kanki zai ƙare. Shi a ganinsa tausayin tsohuwa yake yi, ba ya son ta kwana tana tunani, bai hango cewa ke ya ajiye a bakin wuta ba. Ki samu daren da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ki ce masa: "Abban yara, maganar da ka ba ni na riƙe, ko Ummata ban gaya wa ba. Amma Hajiya wata guda za ta yi tare da mu. Za ta ga kana shan magani da safe, za ta buɗe tukunya. Idan ta tambaye ni, ƙarya ba zan iya yi mata ba, gaskiya kuma ka hana ni. Don Allah ka fitar da ni, ka gaya mata da bakinka tun kafin ta taso." Daga nan ki yi shiru, kada ki cika shi da hujjoji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ma ya sani.

Idan ya ce yana tsoron hankalinta ya tashi, ki nuna masa ba sai ya kai maganar da nauyi ba. Ya isa ya ce, "Hajiya, an auna ni an ce jinina ya ɗan hau, ina shan magani, da sauƙi sosai. Likita ya ce in rage nama da gishiri, ni na ce wa maman yara ta canza girki." Kalmomin nan, ni na ce, su ne garkuwarki. Akwai kuma hujjar da za ta fi shigarsa. Hawan jini yana bin dangi, kuma yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Idan yana da shi, ya kamata a auna Hajiya kanta, a auna ƙanin nan na Mile 12 da sauran 'yan'uwa. Ɓoyewar tana hana su abin da zai amfane su.

In ya kafe ya ƙi, to sai ya yarda da ɗayar hanyar: muddin Hajiya na gidan, kuɗin nama ya dawo cikin cefane saboda ita da yara, shi ya san yadda zai yi da kwanonsa a gabanta. Idan ta tambaye ki me ya sa ba ya ci, ki rusuna ki ce, "Umarninsa ne Hajiya, shi zai fi yi miki bayani." Ba ki yi ƙarya ba, ba ki tona ba.

Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ranar da ta sauka a yanka mata kaza. Baƙuwa ce, uwa ce, ta sha doguwar hanya daga Katsina, ba ranar gwada mata awara ba ce. Nama halal ne, ba wanda ya haramta shi a gidanku, rangwame ake yi saboda lafiya. Bayan kwana biyu ta huta, sai ki jawo ta cikin girkin. Ina kyautata zaton matar da ta girma a Katsina ta fi ni da ke sanin yadda ake miya mai daɗi babu tsoka, da dambu, da kwaɗo, da fate iri-iri. Ki ce, "Hajiya, kwaɗon nan nawa ya ƙi yin daɗi irin na gida, ki nuna mini inda nake kuskure." Surukar da aka tambaya ba ta cika zama mai bincike ba, kuma abin da ta sa hannu a ciki ba za ta kushe shi ba. Ki dai lura da hannunta a wajen gishiri da kanwa, ki riƙa miƙa mata su da kanki, idan maigida ya riga ya gaya mata ki ce likita ne ya ƙayyade.

Ki shirya wa abu ɗaya. Da zarar ta ji labarin ciwon, jiƙe-jiƙe za su fara fitowa daga jaka, kuma za a samu mai cewa a ajiye ƙwayar asibiti a gwada na gida. Ki karɓa da godiya da hannu biyu, amma ku tsaya ke da maigida a kan magana ɗaya: ba a daina maganin likita, kuma duk abin da za a sha a kai a fara nuna masa.

Tun da sauran lokaci, ki kira ta ki gaishe ta, ki roƙe ta ta taho muku da daddawar kalwa, da busasshen zogale, da tsamiya, da yakuwa, da kuka, da ƙuli, a ce wa mai yin ƙulin ta sassauta gishiri. Kuɗin ki sa maigida ya tura mata tun kafin ta shiga kasuwa, kada ta saya da nata.